Masu kutse a intanet: asalinsu, aƙidarsu da yadda suke kallon kansu

A ƙofar gidaje da yawa a ƙasar Hausa akan ga an rubuta "Ba shiga" da fenti ko da gawayi. Rubutun ba kwaɗo ba ne, ba ya hana kowa tura ƙyaure. Aikinsa kawai ya sanar da baƙo cewa zaure ne iyakarsa, sai in mai gida ya ce ya shigo. Duk muhawarar da ake yi kan kutse a na'urori, daga jami'o'in Amurka a shekarun 1960 har zuwa kotunan Najeriya a yau, a kan wannan iyaka take: wa ke da ikon tura ƙyauren da ya tarar kwaɗonsa ya lalace, kuma me ya halatta ya yi da abin da ya gani a ciki.

Kutse, a yadda kafafen labarai na Hausa ke amfani da kalmar, shi ne shiga kwamfuta, waya, asusun banki ko rumbun bayanai ta hanyar da mai shi bai tanada ba. Masu yin sa ana ce musu masu kutse, wasu kuma su ce 'yan dandatsa. Sunayen biyu duk zargi ne, amma ba haka mutanen ke kiran kansu ba. A cikinsu akwai mai ganin kansa ɗalibi mai son sani, akwai mai ganin kansa mai gadi, akwai mai ɗaukar kansa ɗan gwagwarmaya, akwai kuma wanda ya san sata yake yi amma ya samar wa kansa fatawa.

Shekaru kaɗan da suka wuce, wannan magana ta 'yan boko ce. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, shi ya kawo ta kasuwa. Dillalan masara da shinkafa a Tudun Wada da Doguwa, waɗanda suka saba ƙirga kuɗi a hannu, dole ta sa suka koma karɓar taransifa, rumfunan POS kuma suka zama bankin ƙauye tun daga Kwanar Ɗangora har bakin dajin Falgore. Ma'aikacin gwamnati shi ma albashinsa da fanshonsa da lambobinsa na NIN da BVN duk suna ajiye a na'urorin da bai taɓa gani ba.

Inda abin ya faro

Kalmar "hacker" ta Turanci ba da laifi ta fara ba. A ƙarshen shekarun 1950, a jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka, akwai wata ƙungiyar ɗalibai masu wasa da ƙananan jiragen ƙasa na lantarki. Su suka yaɗa kalmar da ma'anar dabarar da aka warware matsala da ita ta hanyar da babu wanda ya yi tunani. Da kwamfuta ta shigo jami'ar sai suka koma kanta, suna kwana suna rubuta manhajoji, suna barin su a aljihun tebur don kowa ya ɗauka ya gyara. Wanda ya san Kasuwar Farm Centre ko Titin Beirut a Kano ya san irin wannan hali: yaron da bai yi digiri ba, amma ya warware waya ya tayar da ita bayan kamfanin da ya ƙera ta ya ce ta mutu.

A shekarar 1984 ɗan jarida Steven Levy ya wallafa littafi a kan waɗannan mutane, inda ya tattara abin da ya kira aƙidarsu. Taƙaitawarta ita ce kada a hana mai son koyo taɓa na'ura, kada a kulle ilimi, kada a sakankance da masu iko, kuma a auna mutum da gwanintarsa ba da takardar shaida ko shekaru ko launin fata ba. Daga wannan tushe ne Richard Stallman ya fara aikin GNU a 1983, wato manhajar da kowa ke da 'yancin dubawa da gyarawa da rabawa. Wayoyin Android da ke aljihun yawancin 'yan Najeriya a kan Linux aka gina su, wanda jika ne na wannan tafiya.

Sai dai aƙidar tana da giɓi babba. An tsara ta ne a lokacin da abin da ke cikin kwamfuta bai wuce lissafin malaman jami'a ba. Babu asusun kowa a ciki, babu hoton matar kowa, babu sakamakon gwajin asibiti. Cewa kada a kulle ilimi magana ce mai daɗi in ilimin lissafi ne. In lambar BVN ta mai sayar da tumatir ce, magana ta sauya.

A watan Janairun 1986 wani matashi Ba'amurke, Loyd Blankenship, ya rubuta gajeren bayani bayan an kama shi, aka buga a mujallar Phrack. Hujjarsa ita ce makaranta ta gundure shi, manya sun raina shi, laifinsa kuwa son sani ne kawai. Rubutun ya zama tamkar kirarin masu kutse na tsawon shekaru, kuma shi ya kafa siffar da da yawansu ke so a gan su da ita: haziƙin da al'umma ta kasa fahimta. Kusan shekara uku bayan haka, ranar 2 ga Nuwamban 1988, wani ɗalibin jami'ar Cornell, Robert Morris, ya saki manhaja mai yaɗa kanta da ta durƙusar da kwamfutoci kimanin 6,000, a lokacin da intanet ke ƙarama. Ya ce ba ɓarna ya yi nufi ba. Kotu ta same shi da laifi, ta ci shi tara, ta ɗora masa aikin al'umma na sa'o'i 400. Tun daga nan aka gane cewa kyakkyawar niyya ba ta tayar da na'urar da ta mutu.

Jamusawa ne suka yi ƙoƙarin toshe giɓin. Ƙungiyar Chaos Computer Club, da aka kafa a 1981, ta yi suna a 1984 lokacin da wasu mambobinta biyu suka nuna raunin wani tsarin sadarwa na hukumar gidan waya ta hanyar jawo kusan maki 135,000 na kuɗin Jamus daga wani banki a Hambug, sannan suka fito bainar jama'a suka bayyana abin da suka yi, ba su riƙe kuɗin ba. Daga baya ƙungiyar ta ƙara sharaɗi biyu a kan aƙidar: kada a yi ɓarna a bayanan wani, kuma bayanan hukuma a buɗe su ga jama'a amma na mutum a kare su. Wannan bambanci tsakanin sirrin mai mulki da sirrin talaka shi ne mafi amfani cikin duk abin da masu kutse suka faɗa game da kansu.

Huluna uku

A wannan sana'a ana raba mutane da launin hula, salon da aka aro daga tsofaffin finafinan kaboyi. Mai farar hula shi ne wanda kamfani ko hukuma ta ɗauka, ta ba shi izini a rubuce ya gwada fasa tsarinta don a gano ɓaraka kafin ɓarawo ya gano. Mai baƙar hula ɓarawo ne ko maɓarnaci. Mai hula ruwan toka shi ne wanda ya shiga ba da izini ba, bai ɗauki komai ba, sannan ya zo yana cewa ga ƙofarku a buɗe.

Kayan aikinsu ɗaya ne, iliminsu ma ɗaya. Mutanen da ke zaune a gefen dajin Falgore ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan haka. Maharbin da ya san kowane kwari da mashaya a dajin, da ɓarawon shanun da ya addabi hanyar Kano zuwa Jos a shekarun baya, sani ɗaya suke da shi na daji. Abin da ya raba su shi ne wa ya aike su, kuma ga wa za su yi bayani in sun dawo.

Hular kuma ba ta zama daram a ka. Kevin Mitnick, wanda aka kama a 1995 bayan doguwar farauta, ya yi shekara biyar a tsare, ya fito ya zama mai ba kamfanoni shawara kan tsaro har rasuwarsa a 2023. Marcus Hutchins, matashi ɗan Ingila, shi ya dakatar da manhajar WannaCry a watan Mayun 2017, bayan ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har da na asibitocin ƙasarsa. Wata uku bayan an gama yi masa tafi aka kama shi a Amurka kan wata manhajar satar bayanan banki da ya rubuta a baya, kuma ya amsa laifinsa a 2019.

Don a rage masu hula ruwan toka, manyan kamfanoni sun ɓullo da tsarin tukuici: wanda ya gano ɓaraka ya sanar da su a asirce, su biya shi. Kamfanin Netscape ya fara haka a 1995. Ma'aikatar tsaron Amurka ta gwada a 2016, aka gano mata ɓaraka 138. Akwai kuma al'adar ba da wa'adi. Masu binciken Google sukan bai wa kamfani kwana 90 ya gyara kafin su fallasa. Dalilin wa'adin shi ne an sha ganin kamfanin da aka faɗa wa matsala ya yi shiru shekara da shekaru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mai bangon da aka nuna masa tsaga ya ƙi liƙewa yana da nasa kason alhakin.

Masu kutsen gwagwarmaya

Rukunin da ya fi wuyar yanke wa hukunci shi ne na masu cewa don talaka suke yi, kuma Najeriya ta gan su sau da dama.

Ranar 28 ga Maris 2015, ana tsakiyar zaɓen shugaban ƙasa, wasu da suka kira kansu Nigerian Cyber Army suka karɓe shafin hukumar zaɓe ta INEC, wadda Farfesa Attahiru Jega, tsohon shugaban Jami'ar Bayero, ke jagoranta a lokacin. Sun bar saƙon gargaɗi kan maguɗi. An dawo da shafin cikin sa'o'i, kuma ba a nan ake tattara sakamako ba, don haka ƙuri'a ko ɗaya ba ta motsa ba. A Oktoban 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS, masu amfani da sunan Anonymous suka ƙwace shafin Twitter na Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, aka kuma watsa sunaye da lambobin wayar wasu 'yan sanda. Matasa da yawa sun yi murna. Amma jerin sunaye ba ya tantance wanda ya yi zalunci da wanda bai yi ba, kuma kurtun da ke tsaron wata ƙaramar kasuwa ba shi da hanyar goge lambarsa daga hannun dubban mutane masu fushi. A zaɓen 2023 kuwa, ministan sadarwa na lokacin, Farfesa Isa Ali Pantami, ya ce an samu yunƙurin kai hari kusan miliyan 13 a kan shafuka da na'urorin ƙasar a kwanakin zaɓen shugaban ƙasa. Irin wannan ƙidaya takan haɗa da ƙwanƙwasar da manhajoji ke yi da kansu dare da rana, saboda haka ba ta nufin mutum miliyan 13.

Misalin da ya fi kusa da Arewa shi ne na Nijar. Bayan sojoji sun hamɓarar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS a ƙarƙashin shugabancin Bola Tinubu ta yi barazanar amfani da ƙarfi, Najeriya ta yanke wutar lantarki, aka rufe iyakoki irin su Jibiya da Illela da Maigatari. A farkon Agusta wata ƙungiya mai suna Anonymous Sudan ta ce ta fara kai hari kan kamfanoni da hukumomin Najeriya don kare Nijar, ta ambaci MTN a cikin waɗanda ta sa a gaba. Hukumar NITDA ta fitar da gargaɗi. Salon harin nasu shi ne a tura wa shafi buƙatu na bogi masu yawan gaske har ya kasa amsa na gaskiya, kamar a cika ƙofar kasuwa da mutanen da ba saye za su yi ba.

A Kano da Katsina da Sakkwato mutane da yawa ba sa goyon bayan yaƙi da Nijar, don haka saƙon ƙungiyar ya dace da abin da ke ransu. Sai dai in layin waya ya ɗauke, ba fadar shugaban ƙasa ce ke fara ji ba. Mai POS ne a Tudun Wada, da direban da ke jiran a turo masa kuɗin mai, da matar da ke neman likita. A Oktoban 2024 hukumomin Amurka suka bayyana tuhumar wasu 'yan'uwa biyu 'yan Sudan da tafiyar da ƙungiyar. Takardar tuhumar ta ce an kai hare-hare sama da 35,000 da kayan aikinsu, cewa suna ba da hayar kayan ga duk mai kuɗi, kuma ɗaya daga cikin hare-haren ya tilasta wa wani asibiti a Los Angeles karkatar da marasa lafiyar gaggawa zuwa wasu wurare na sa'o'i. Arewa ta san irin wannan labari daga 'yan sa-kai: mutanen da suka naɗa kansu masu kare al'umma, babu wanda ya zaɓe su, babu wanda zai tuhume su, ƙarshe a wurare da dama suka zama wani ɓangare na matsalar.

Wannan ba ya nufin duk fallasa ɓarna ce. Akwai gwamnatocin da ba a san ta'asarsu ba sai da aka buɗe takardunsu. Tambayar da ke bambanta ɗan gwagwarmaya da mai neman suna ita ce wa ya biya kuɗin aikin, mai ƙarfi ko mara ƙarfi.

'Yan yahoo ba su cikin wannan sahu

Yawancin waɗanda hukumar EFCC ke kamawa da sunan laifin intanet ba na'ura suke fasawa ba, mutum suke yaudara. Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, an kama shi a Dubai a Yunin 2020, kotun Amurka kuma ta ɗaure shi wata 135 a Nuwamban 2022, bisa safarar kuɗin damfara. Dabarar da ta fi yawa a Arewa ma ba ta buƙatar ilimin kwamfuta: a kira mutum a ce an sa shi a taron wata ƙungiya, a nemi ya karanto lamba shida da ta shigo wayarsa, da ita a ƙwace WhatsApp ɗinsa a shiga roƙon 'yan'uwansa da sunansa. Ko a kira a ce daga banki ne, za a rufe asusu in bai faɗi lambar katinsa ba.

Su ma suna da labarin da suke ba kansu. Wasu su ce suna karɓo abin da Turawa suka kwasa ne a zamanin bauta da mulkin mallaka, wasu su ce 'yan siyasa sun fi su sata, wasu su ce rashin aiki ne. Hujjar ba ta jure dubawa, domin wanda aka kwashe wa kuɗi sau da yawa tsohuwa ce mai fansho a wata ƙasa, ko ɗan kasuwar Kwari da ya tara jarin shekara. Masu kutse na asali suna ƙyamar a haɗa su da waɗannan, kuma a nan suna da gaskiya.

Doka da amana

Babbar dokar da ta shafi wannan fage a Najeriya ita ce Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu dab da saukarsa. Sashe na 6 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ko tarar naira miliyan 5 ga wanda ya shiga kwamfuta ba da izini ba da nufin zamba ya ɗebi bayanan da suka shafi tsaron ƙasa, ya kuma ɗaga hukuncin zuwa shekara 7 ko miliyan 7 in an shiga da nufin ɗibar bayanai ko sirrin kasuwanci. An yi wa dokar gyara a Fabrairun 2024, inda aka rage wa'adin da ma'aikata ko kamfani ke da shi na kai rahoton hari daga kwana 7 zuwa sa'o'i 72. Cibiyar da ke karɓar rahoton ita ce ngCERT, a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Akwai kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta ɗora wa masu ajiye bayanan jama'a nauyin kare su.

Kalmar da dokar ta rataya a kanta ita ce izini, kuma ba baƙuwa ba ce a nan. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, aya ta 12 a Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin sirrin mutane. Mai gyaran wayar da aka ba shi lambar buɗewa don ya canza gilashi, in ya shiga ma'ajiyar hotuna ya keta wannan iyaka, ko da bai fasa komai ba. Haka ma'aikacin banki ko na ofishin rajista da ke leƙa bayanan maƙwabcinsa don yana da damar shiga. Kaso mai yawa na bayanan da ke fita, ta hannun irin waɗannan yake fita, waɗanda aka ba amanar makulli.

Abin da ya faru a 2024 ya nuna yadda lamarin ke cakuɗewa. A watan Yuni ƙungiyar Paradigm Initiative, mai fafutukar kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta bayyana cewa wasu shafuka na sayar da bayanan NIN na 'yan Najeriya a kan naira 100, ta kuma ce ta sayi na ministan sadarwa Bosun Tijani don ta tabbatar da zargin. Ba ta fasa rumbun kowa ba, ta biya ne kamar kowane mai saye, amma ta riƙe bayanan mutum ba da izininsa ba domin ta tilasta wa hukuma ta motsa. Hukumar NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta, ta fitar da sunayen shafukan da ta ce ba su da lasisi, ta gargaɗi jama'a su guje su.

Ga kamfani ko ma'aikatar da ke son ɗaukar mai gwada tsaro, abin da masu sana'ar suka saba shi ne yarjejeniya a rubuce kafin a taɓa komai. Takardar takan fayyace na'urorin da aka yarda a gwada da waɗanda aka hana, ranakun da za a yi aikin, abin da za a yi da bayanan kwastomomi in an ci karo da su, da sunan jami'in da za a kira nan take in wani abu ya lalace. Wanda ya sa hannu kuma dole ya kasance mai ikon ba da izinin, domin manajan reshe ba ya iya halatta a gwada rumbun da ke hannun hedikwata.